Daga Kafaɗa Zuwa Keke Napep: Sufurin Talaka da Kasuwancin Suleja

Gabatarwa

Duk matafiyin da ya taso daga Kaduna ya nufi Abuja, da zarar ya wuce mararrabar Dikko ya soma hango Dutsen Zuma, hankalinsa yakan karkata ga babban birnin tarayya da ke gabansa. Kaɗan ne kan tuna cewa a hannun damansu, bayan 'yan tuddai, akwai tsohon garin da ya bai wa birnin nan sunansa da mafi yawan ƙasarsa. Wannan gari shi ne Suleja. Tarihinsa na sarauta da na yaƙi an rubuta shi, an kuma karanta. Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne tarihin yadda talakan garin ke tashi daga unguwarsa ya isa kasuwa, da yadda kayan kasuwar ke isa ƙofar gidansa.

Wannan maƙala za ta bi sawun wannan tarihi tun daga kafuwar garin zuwa yau. Abin da take son nunawa guda ne: manyan hanyoyi, wato dogo da titin kwalta mai tagwaye, sun sha wuce Suleja ta gefe, amma abin da ya ɗinke unguwanninta ya kuma raya kasuwarta shi ne gajeriyar tafiya mai araha, wadda mafi yawa ba hukuma ce ta tsara ta ba. Babbar hanya takan kawo baƙo bakin gari ne kawai, ƙaramar hanya ce ke kai shi rumfar mai kaya.

Garin Ganuwa da Sufurin Ƙafa

A farkon ƙarni na 19, lokacin da mayaƙan jihadi suka ci Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa, ya sauka Zuba a ƙasar Koro. Bayan rasuwarsa a wajen Lapai cikin 1825, ƙanensa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja, ya gaje shi. Shi ne ya kafa sabon gari a bakin kogin Iku cikin 1828, garin ya ɗauki sunansa, aka kuma kewaye shi da ganuwa. Tun daga wajen zaɓen wuri za a gane cewa ba don ciniki aka kafa Abuja ba. An kafa ta ne don tsaro, a tsakanin duwatsu da rafuka da kurmi, inda dawakin abokan gaba ba za su sami filin sukuwa ba. Abin da ya kare garin daga mahara a jiya, shi ne kuma ya wahalar da mai ɗauke da kaya, har zuwa yau.

A wancan zamani sufuri iri biyu ne. Na farko shi ne na fatake, masu ayarin jakuna da 'yan alaro a ƙarƙashin madugu, waɗanda ke haɗa ƙasar Hausa da ta Nupe da bakin Kwara. Ciniki tsakanin Abuja da masarautun Bida da Zariya ya buɗe ne a zamanin Sarki Abu Kwaka, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1877. Na biyu, wanda shi ne ya fi shafar batunmu, shi ne sufurin kusa: doya da hatsi da itace da tukwane da ke shigowa gari daga ƙauyukan Gwari, waɗanda ke kiran kansu Gbagyi, da na Koro. Matan Gbagyi sun shahara da ɗaukar kaya a kafaɗa maimakon a ka, domin a al'adarsu kai yana da darajar da ta wuce a ɗora masa kaya. Idan aka ce wannan kafaɗa ita ce motar haya ta farko a ƙasar Abuja, ba a yi ƙari ba. Fatake sukan zo su wuce da kaka, amma tukunyar gidan Bahaushen cikin ganuwa ba ta hawa wuta sai kafaɗar nan ta iso kasuwa.

Abin lura a nan shi ne, garin da za a iya ratsawa da ƙafa daga wannan ƙofa zuwa waccan ba ya bukatar abin hawa. Masaƙi da marini da mai saƙar tabarma duk suna kusa da mai saye. Matsalar sufurin cikin gari ba ta taso ba tukuna, sai ranar da garin ya tsallake ganuwarsa.

Dogo Ya Bi Ta Wani Wuri

Hanya ce ta jawo wa Abuja Turawa. A 1902 sojojin Ingila suka mamaye garin bisa hujjar cewa mutanensa na tare hanyar fatauci tsakanin Lakwaja da Zariya. Amma da Turawan suka zo shimfiɗa tasu hanyar, ba su bi ta nan ba. Dogon da ya tashi daga Baro ya bi ta Minna, ya isa Kano a 1911, ya bar Abuja a gefe da tazarar kimanin kilomita 100. Garuruwan da dogo ya ratsa, irin su Minna da Kaduna, suka bunƙasa cikin 'yan shekaru, ita kuwa Abuja ta zauna a matsayin garin sarauta mai natsuwa. Ko da aka soma haƙar kuza a zamanin Sarki Musa Angulu, wanda ya yi mulki daga 1917 zuwa 1944, babbar mota da 'yan dako ne suka ɗauki nauyin fitar da kaya.

Labarin tukwane ya isa misali. A farkon shekarun 1950 Baturen nan Michael Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a Abuja, domin akwai yumɓu da itace da ruwa, ga kuma gwanayen magina a kewaye. A fadar Sarki Sulaimanu Barau ya ga tukwanen Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar a 1954, kafin ƙarshen shekarun kuma aka baje aikinta a Landan. Yau hotonta ne a bayan takardar naira 20. Sai dai tukunyar da ta kai Landan ba ta tashi sama daga Kwali ba. Da ba a saba ɗauko tukwane daga ƙauye zuwa gari a kafaɗa ba, da sarki bai mallake su ba, da Baturen bai gan su ba. Doguwar tafiya kullum da gajeriya take farawa.

A wannan zamani ne kuma keke ya shigo hannun malaman makaranta da ma'aikatan En'e da 'yan kasuwa, kura da amalanke suka shiga aikin dako a bakin tasha. Bayan ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970, ma'aikata da dama a Nijeriya suka sayi babura. Amma babur a lokacin abin hawan mai shi ne, alamar ya samu. Ba wanda ya ɗauka wata rana zai zama abin neman abinci.

Shekarar 1976 da Tsallake Ganuwa

Ran 3 ga Fabrairu, 1976, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta bayyana ƙudurin mayar da babban birnin ƙasa tsakiyar Nijeriya, a daidai lokacin da aka ƙirƙiri Jihar Neja. Kaso mafi girma na ƙasar da aka yanka wa sabon birnin daga masarautar Abuja ya fito. Sunan ma aka ɗauka, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Da yake sabon birnin daji ne a lokacin, ma'aikatan farko na hukumar gina shi a Suleja suka yada zango, kuma unguwar da suka zauna har yau ana kiranta Field Base. Bayansu leburori da magina da kafintoci da direbobi da masu sayar da abinci suka biyo, daga kowace kusurwa ta ƙasar nan.

Da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja ran 12 ga Disamba, 1991, sai ambaliyar jama'a ta ƙaru. Kuɗin haya a sabon birnin ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, saboda haka ya nemi ɗaki a Suleja, ya riƙa yin sammako zuwa aiki. Rushe-rushen gine-gine da aka yi a Abuja tsakanin 2003 da 2007, lokacin da Malam Nasiru el-Rufa'i ke ministan birnin, ya sake turo wasu dubbai. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar Suleja na da mutum fiye da dubu 200. Gari ya miƙe ta kowace fuska: Kwamba da Maje ta hanyar Minna, Kwankwashe da Madalla ta wajen Zuma, Gauraka ta bakin titin Kaduna, ga Rafin Sanyi da Chaza da sauransu.

To, a nan ne matsalar ta bayyana. Abuja an zana ta a takarda kafin a aza tubali, Suleja kuwa gidaje ne suka riga tituna zuwa. Mai fili ya yanka ya sayar, mai saye ya gina, aka bar ɗan lungu a tsakani. Wata unguwar tana kan tudu, wata tana ƙetaren rafi, da damina kuma zaizaya ta cinye 'yar hanyar da ake da ita. Mutumin da ya kama ɗaki a irin wannan wuri yana da tafiya biyu a gabansa kowace safiya: doguwa daga tasha zuwa Abuja, da gajeriya daga ƙofar gidansa zuwa tasha. Doguwar ta sami masu kula da ita, domin akwai bas da tasi, ga tagwayen titi daga Kaduna zuwa Abuja. Gajeriyar ce ta rasa uba.

Achaɓa: Ɗan da Wahala ta Haifa

Shirin tsuke bakin aljihu da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shi a 1986 ya karya darajar naira, motoci da kayan gyaransu suka yi tsada, tasi ta soma ƙaranci a biranen ƙasar nan. A 1988 gwamnatin tarayya ta kafa shirin sufurin jama'a, jihohi kuma suka kafa nasu hukumomin, irin su NSTA ta Jihar Neja. Sai dai bas ɗin gwamnati gari da gari ta fi haɗawa. Ba ta shiga lungu, ba ta hawa tudun da babu kwalta.

Wannan giɓi ne babur ya cike. Ma'aikacin da albashi ya daina isa ya riƙa fita da babur ɗinsa bayan tashi daga aiki, wanda aka sallama ya mai da shi sana'a, saurayin da ya baro gona ya karɓi na wani yana biyan balas kullum. Kowane yanki ya laƙaba masa suna: achaɓa a Kano, kabu-kabu a wasu sassan Arewa, okada a Kudu, kuma a Suleja, da yake gari ne na kowa da kowa, duk ana jin waɗannan sunaye. Shigowar babura masu sauƙin kuɗi daga Sin, irin su Jincheng, daga baya kuma Bajaj daga Indiya, ta sa sana'ar ta yaɗu ƙwarai. Ran 1 ga Oktoba, 2006, aka hana achaɓa a tsakiyar Abuja, masu babura da yawa suka koma garuruwan kewaye, Suleja na cikinsu. Ga al'ada, duk abin da Abuja ta kora, Suleja ce ke shimfiɗa masa tabarma.

Keke mai ƙafa uku ya biyo baya. Legas ta san shi da Keke Marwa tun ƙarshen shekarun 1990, Kano ta san shi da A Daidaita Sahu a zamanin Malam Ibrahim Shekarau, amma sunan da ya game ƙasa shi ne Keke Napep, daga shirin yaƙi da talauci da gwamnatin Obasanjo ta kafa a 2001. Keken ya zo da abin da babur ba shi da shi. Yana ɗaukar mutum uku ko huɗu su raba kuɗin, yana da rumfa, yana ɗaukar buhu. Mace mai goyo, da dattijon da ƙafarsa ba ta iya ɗare babur, da uwargidan da ba ta son zama bayan namijin da ba nata ba, duk suka sami abin hawa. Daga nan aiki ya rabu: keke ya riƙe titunan da ke da kwalta, kamar hanyar Maroko da hanyar Kaduna da ta Maje, babur kuma ya riƙe tudu da lungu.

Yadda Kasuwa ke Cin Moriya

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan kasuwa da wannan duka? Amsar tana cikin lissafin ƙaramin ɗan kasuwa. A ƙaddara wata mata a Rafin Sanyi tana soya ƙosai. Jarinta bai kai ta sayi buhun wake ba, sai kwano biyu ko uku kullum. Ribarta ƙarama ce, saboda haka kuɗin zuwa kasuwa da dawowa shi ne ke yanke hukunci ko sana'ar za ta tsaya ko za ta faɗi. Idan tafiyar na da araha, za ta je inda wake ya fi sauƙi, ta sayar da ƙosanta da rahusa, ta sami masu saye. Idan ta yi tsada, sai ta saya a shagon maƙwabci da tsada, ko ta ajiye kaskon. Abin da ya sami wannan mata shi ke samun mai shayi da mai kayan miya da tela da mai gyaran waya.

Haka abin yake ta ɓangaren mai rumfa. Babbar kasuwar Suleja, wadda aka sa wa sunan Ibrahim Babangida, ta yi suna har a Abuja saboda rahusar kayanta. Amma rumfa ba ta tafiya. Yawan masu sayenta ya dogara ne ga yawan unguwannin da za a iya tasowa daga cikinsu a iso ta da 'yan kuɗi kaɗan. Kowace sabuwar unguwa da keke ya soma shiga, kamar an ƙara wa kasuwar sabuwar ƙofa ce. Doyar da aka saro a kasuwannin mako na Dikko da Lambata da Madalla, a-kori-kura ce ke sauke ta a gari, amma mai baro da mai keke da ɗan achaɓa ne ke rarraba ta zuwa teburan unguwanni. Wato aikin da kafaɗa ta yi a ƙarni na 19 shi ne suke yi yau.

Zuwan wayar salula daga 2001 ya ƙara wa abin armashi. Matar da ke sana'a a cikin gida, wadda a da sai ta ɗora wa 'yarta talla, yanzu tana iya kiran ɗan achaɓan da ta amince da shi ya sayo mata kaya ko ya kai wa mai saye. Bugu da ƙari, sufurin kansa kasuwa ne. Bayan kowane babur akwai makanike da mai faci da mai sayar da kayan gyara da mai wanki da mai abincin bakin tasha. Kuɗin da fasinja ya miƙa da safe, kafin magariba ya ratsa hannu biyar ko shida, kuma duk a cikin gari.

Ranar da Ƙafa ta Tsaya

Ba a sanin darajar abu sai ranar da aka rasa shi, kuma Suleja ta ɗanɗana hakan fiye da sau ɗaya. A 2011 bam ya tashi a ofishin hukumar zaɓe na garin cikin Afrilu, wani kuma ya tashi a cocin Katolika na Madalla ranar Kirsimeti. Ran 31 ga Disamba na shekarar aka sa ƙaramar hukumar Suleja cikin dokar ta-ɓaci. Shingayen bincike da taƙaita zirga-zirga sun zama dole don kare rayuka, amma cinikin dare, na mai tsire da mai shayi da mai indomi, shi ne ya fara jin jiki, domin babu mai kawo musu masu saye.

Na biyu shi ne janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Kuɗin keke da na babur suka tashi. Masu saye suka rage zuwa kasuwa, wanda kan je kullum ya koma sau ɗaya a mako, wani ya koma takawa da ƙafa kamar kakanninsa. Shi kansa direban bai tsira ba: mai ya ci rabin abin da ya samu, balas na jiransa, ga tikiti iri-iri a hanya.

Ba za a ɓoye ba, wannan sufuri yana da nasa aibin. Ganganci da gudun wuce sa'a sun karya ƙafafu sun kuma ci rayuka. Yara da ba su isa tuƙi ba suna tuƙi. Ɓata-gari sun yi amfani da babur wajen ƙwace da ta'asa. Tsayuwa barkatai a bakin kasuwa na toshe hanya. Waɗannan hujjoji ne suka sa Abuja a 2006, da Kano a 2013, suka hana achaɓa. Amma Abuja na da faffaɗan tituna da tasi, Kano kuma ta riga ta tanadi A Daidaita Sahu. Garin da rabin unguwanninsa ba su da hanyar mota, idan ya kwaikwayi wannan hani ba tare da tanadi ba, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Kammalawa

Idan muka waiwayi shekaru kusan 200 na tarihin wannan gari, za mu ga abu guda yana maimaita kansa. Dogon Turawa ya bi ta Minna. Tagwayen titi ya bi ta gefen gari. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 shi ma bai tsaya a Suleja ba. Duk da haka kasuwar garin ba ta mutu ba, domin kullum akwai wanda ke ɗaukar ƙaramin kaya a ƙaramar tafiya da ƙaramin kuɗi: jiya kafaɗa da kura, yau babur da keke.

Darasin da ke cikin wannan ga masu mulki bai da wuyar fahimta. Abin da Suleja ta fi bukata ba sai ya zama gagarumin aiki ba. Kwalbati guda a kan rafin da ya raba unguwa biyu, da kwalta a kan 'yar hanyar da ta haɗa unguwa da babban titi, za su sa keke ya shiga inda babur kaɗai ke shiga, kuɗin tafiya ya sauka. Wurin tsayuwa na musamman a bakin kasuwa zai rage cunkoso. Rajista da lamba da horo za su raba mai neman halali da ɓarawo. Haraji guda sananne ya fi tikiti barkatai, domin duk abin da aka karɓa daga direba, daga aljihun mai ƙosai zai fito.

Ga ɗalibanmu kuwa, musamman masu sha'awar rubutu, akwai wani kira. Adabinmu ya cika da madugai da ayari da zango, mawaƙanmu sun wasa direbobin manyan motoci. Amma matar da ta ɗauko tukunya a kafaɗa daga ƙauye zuwa kasuwar Abuja ta dā, da saurayin da ke hawa tudun Chaza da buhun masara a bayan babur, har yanzu ba su sami marubucin da ya zauna ya saurare su ba. Tsofaffin da suka ga garin kafin 1976 suna nan da ransu, amma ba za su dawwama ba. Wanda ya je ya ɗauki labarinsu tun da sauran lokaci, ya adana wa Suleja rabin tarihinta da ba a rubuta ba.